Na tsallake danja, ɗana ya biyo ni

Shekara goma sha ɗaya na yi ina hawan babur kafin in koma kan keke. Tsadar mai ce ta maido ni. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023, kwalbar man Nijeriya da muke saye wurin ƴan ruwa-ruwa a bakin hanya ta fi ƙarfin albashin malamin makaranta, in dai kullum zai saya. Sai na jingine babur a zaure, na fito da tsohon keken mahaifina, Allah ya jiƙansa, na kai wa mai gyara ya sa masa sabbin tayoyi da birki. Daga gidanmu a unguwar Zariya, cikin garin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, zuwa makarantar da nake koyarwa tafiyar minti ashirin ce, in ba iska a gaba.

A kan hanyar tawa akwai mahaɗa guda mai danja. Lokacin da nake kan babur ina tsayawa a wurin, ko ba don komai ba don ɗan sanda da tambayar takardu. Da na koma keke sai na daina. Ban taɓa zama na yanke shawarar dainawa ba. Kawai na lura ba mai tsayar da mai keke. Ba shi da lamba, ba shi da permi, wato lasin tuƙi, ba shi da inshora, ba abin da za a karɓe masa. Ɗan sanda yana tsaye za ka wuce ta gabansa, idonsa na kan ƴan kabu-kabu masu baburan haya. To sai in iso, in sassauta feda, in dubi hagu, in dubi dama, in ga rata, in sulale. Na yi wata da watanni a haka ba abin da ya same ni, har na ɗauka iyawa ce.

Da ɗana na biyu ya ci jarrabawa ya shiga koleji, sai na saya masa keke na hannu. Makarantarsu tana gaba da tamu kaɗan, don haka tare muke fita da safe, ni a gaba, shi a baya. Na koya masa abubuwa da dama. Na koya masa ya riƙe dama, ya miƙa hannu in zai juya, kada ya matse birkin gaba shi kaɗai a cikin yashi. Makon farko ina tsayawa a danja saboda shi. Mako na biyu ma haka. Daga nan halina ya dawo, nakan waiwaya in yafuto shi da hannu mu wuce tare. Daga baya waiwayar ma na bari.

Ranar Litinin ce, ranar kasuwa, cikin watan Afrilu. Wanda ya san Maraɗi ya san yadda hanya take cika Litinin da Juma'a: amalanken shanu, kurar ƴan ga-ruwa, motocin ƙauye da mutane har saman kaya. Mun makara, don ranar sai da na tsaya ba taya iska. Muna isowa wutar ta koma ja. Wata babbar mota ta shigo mahaɗar daga hagu tana jan jiki, na ƙiyasta zan riga ta, na taka da ƙarfi na wuce ta gabanta. Da na fito ɗaya ɓangaren na hango adaidaita tafe daga dama, na ga akwai sauran tazara, na ƙara taka feda na haye.

Ƙarar birki na fara ji, sannan ƙarar ƙarfe, sannan salatin mata.

Yaron ya biyo ni. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba, amma taku goman nan su ne duk ratar da na gani. Babbar motar ta tare masa gani, bai ga adaidaitar ba sai da ya fito gabanta. Direban adaidaitar ya take birki ya karkatar da kai iya ƙoƙarinsa, ya bugi tayar baya ta keken, yaron ya faɗi a kan hannunsa na hagu. A cikin adaidaitar akwai mace mai goyo. Goshinta ya bugi ƙarfen da ke bayan direba, ya fashe, jini na zuba a kan hijabinta, ita kuwa hannunta na baya tana laluben kan jaririn.

Kafin in jefar da kekena in iso, mutane sun taru. Kuma kowa ya san yadda taron hanya yake yanke hukunci a garin nan: babba shi ne mai laifi. In mota ta bugi babur, mai mota ne. In babur ya bugi keke, mai babur ne. Balle a ce yaro ne ɗan makaranta kwance da jakarsa. Wani ya riga ya cafki wuyan rigar direban. Saurayi ne, ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba, jikinsa sai rawa yake, yana ta cewa, "Wallahi wutata kore ce, wallahi kore ce." Ba mai saurarensa. Ana ta cewa ƴan adaidaita ba su da hankali, ƙwaya suke sha, yau sai an koya wa wannan.

Ina durƙushe riƙe da ɗana ina jin duk wannan, kuma na yi shiru. Ba zan iya cewa minti nawa ba ne, amma na yi shirun da ya isa a mare shi sau ɗaya. Na ji ƙarar marin. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan har yau, fiye da faɗuwar yaron. Da na ci gaba da shiru, da an bi da shi a kan laifin da ni na yi, a ɗora masa kuɗin magani, watakila mai adaidaitar ya ƙwace makulli, ni kuma a riƙa yi mini jaje.

Na miƙe na ce, "Ku sake shi. Mu muka shiga ja. Ni na fara shiga, yaron ya biyo ni."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, ai keke na! Keke mi ya haɗa shi da danja?" Da zuciya ɗaya ya faɗa, yana neman ya sauke mini nauyi ne. Kuma abin da ya faɗa shi ne abin da na yi wata da watanni ina gaya wa kaina.

Direban da aka mara shi ya ɗauke mu zuwa asibiti a adaidaitarsa. Aka yi hoto, ƙashin hannu ya karye kusa da wuyan hannu. Kakarsa ta so a kai shi wurin mai ɗori, na ba ta haƙuri, aka sa filasta. Da dare uwarsa ta tambaye shi, "Kai ba ka ga wuta ja ba ne?" Ya ce, "Na gani, Inna. Na ga Baba ya wuce ne." Ba ƙarata yake kaiwa ba, amsa tambaya kawai yake yi. Uwargida ba ta ce mini komai ba a gabansa. Sai da ya yi barci ta ce, "Malam, inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya take sha." Ba ta ƙara ba, ni ma ban amsa ba.

A makonnin da ya yi da filasta na yi ta juya maganar dattijon nan. Me ya haɗa keke da danja? Mu masu keke muna da fuska biyu a hanya. In mota ta matse mu ta tura mu cikin yashi, sai mu ce ai mu ma abin hawa ne, muna da haƙƙi a kan kwalta. In wuta ta yi ja, sai mu koma masu tafiya a ƙasa waɗanda danja ba ta shafa ba. A dokar hanya kuwa keke abin hawa ne, jar wuta ta hau kansa kamar yadda ta hau kan tirela. Ba a neman permi a wurinmu, amma wannan bai fitar da mu daga cikin lissafi ba.

Duk da haka ba zan zauna in zagi masu keke ba, don na san abin da ke sa mu ƙin tsayawa, kuma ba duka ne taurin kai ba. Mai mota in ya tsaya, ƙafa kawai zai ɗaga ya sake takawa. Mai keke in ya tsaya, duk ƙarfin da ya tara ya zube, sai ya sake tarawa daga farko da cinyarsa. Ni jakar littattafai kawai nake ɗauka. Ku dubi wanda ya taso tun asuba daga Jiratawa da buhunan zogale ko kwandon tumatir ɗaure a bayan keke, ko mai burodi da ya jera kaya har sun fi kansa tsawo. Irin wannan in ya sauke ƙafa, tashin ma aiki ne, keken na layi hagu da dama kafin ya daidaita, a daidai lokacin da babura ashirin ke tasowa a bayansa. Ga ranar bazara da ke haura digiri 40, ba inuwa a mahaɗa, hayaƙin salansa na bugun fuska. Da yawa suna ganin gara su riga kowa ficewa da su tashi a tsakiyar garke. Akwai gaskiya a cikin wannan tsoron.

Sannan garin kansa ya koya mana wata ɗabi'a. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta cinye tsohon gari, an dawo da Maraɗi kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu masu faɗi suna gicciye juna. Mahaɗa ba iyaka, danja kuwa ƴan kaɗan. A mafi yawan mahaɗunmu da ido da oda ake sasantawa: ka dube ni, in dube ka, wanda ya fi ƙarfin hali ya shige. Wanda ya ratsa mahaɗa goma a haka, in ya iso ta goma sha ɗaya mai wuta, da wannan idon zai shige ta. Ƙidayar 2012 ta ba garin mutum dubu 267 da ɗoriya, kuma kowa ya ga yadda unguwanni suka yi ta miƙewa tun daga lokacin. Da aka yi Maraɗi Kwalliya, shirin ƙawata garin, a 2015 kwalta ta ƙaru, mun ji daɗi, amma ni a ganina gudu ma ya ƙaru tare da ita. Ga kuma ɗaukewar wuta. Danjar da ke mutuwa yau ta farfaɗo gobe, da wuya mutane su riƙe ta da girma. Na sha isowa in tarar da ita a mace, kowa na ta kansa.

Wani abokin aikina da ya zo duba yaron ya ce, ai ko a ƙasashen Turawa an sassauta wa masu keke. Gaskiya ne. A jihar Aidaho ta Amurka, tun 1982 doka ta bambanta mai keke da mai mota: a allon tsayawa ya isa ya rage gudu ya ba mai haƙƙi hanya, a jar wuta kuma ya tsaya cak, in ya ga ba kowa ya wuce. A Faransa, tun 2012 ana maƙala wani ɗan allo mai kusurwa uku a jikin wasu danjoji, da hoton keke ruwan ɗorawa da kibiya, ma'ana mai keke na iya bin inda kibiyar ta nuna ko wuta na ja, muddin ya bar masu tafiya a ƙasa da masu kore su fara wucewa. Abokin nawa yana nufin abin da na yi ba wani babban abu ba ne, tunda har wasu sun halatta shi.

Ban yarda da shi ba. Can doka ce a rubuce, an zaɓi mahaɗar da ta dace an sa allo, direba ya san daga ina keke zai iya ɓullowa. Abin da ni nake yi doka ce da na kafa wa kaina, ba wanda ya san da ita sai ni. Saurayin nan ya ga kore, ya yarda da ita, ya taho da fasinjarsa. Amfanin danja ke nan gaba ɗaya: mutum ya wuce ba tare da ya yi zargin kowa ba. Ni na ci amanar wannan yardar. Kuma ko a Aidaho sai ka sauke gudu ka tsaya tukuna, ni kuwa ƙara gudu na yi don in riga babbar mota. Watakila wata rana a sami mahaɗa a Maraɗi da irin wannan sassauci zai dace da ita. Amma ba a sassauta abin da ba a riga an riƙe ba. Mu tsayawar ce ba mu koya ba tukuna.

Abin da ban taɓa sa wa a lissafi ba shi ne na baya. Duk lokacin da na tsallake ja, kaina kawai nake aunawa: idona, ƙarfin ƙafata, shekarun da na yi a hanya. Amma ba a tsallake danja a ɓoye. Ranar ɗana ne a bayana. Sauran ranakun fa? Ɗalibai nawa suka ga Mushe, malaminsu, ya wuce, ni da nake tsayawa gaban allo in zana musu ja da ruwan ɗorawa da kore? Yaro ba ya iya auna gudun abin da ke tahowa kamar babba, kuma a kan ƙaramin keke ba ya hango abin da ke bayan mota. Abin da yake iya yi shi ne ya bi wanda ya yarda da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma ba abin da ya fi hatsarin hanya kashe ƴan shekara 5 zuwa 29. Ɗana shekararsa 12.

Masu zuwa jaje kusan duk abu ɗaya suke faɗi: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, kuma na gode wa Allah da abin ya tsaya a hannu. Amma na ƙi in ɓuya a bayan kalmar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙoƙin da ya lissafa akwai kame cuta daga mutane. Na san hadisin tun ina makarantar allo. Ina ɗauka maganar masu zama a bakin hanya ce kawai, da masu zuba shara ko ruwan wanki. Ban taɓa kawo shi kan keken da nake hawa ba.

Yanzu ina tsayawa. Ba abu ne mai daɗi ba, kada in yi muku ƙarya. Ƴan kabu-kabu na danna mini oda, wani ya ce, "Baba, ka tahi mana, kai da ba ka da lamba!" Wani mai keken ya zagaye ni ya wuce yana dubana. Na kuma koyi cewa tsayawar ma tana da ilimi. Mai gyaran kekenmu, tsoho ne da ya fi shekara talatin a sana'ar, shi ya ja mini kunne: kada in kuskura in tsaya a gefen dama na babbar mota, dab da tayoyinta. Direba ba ya ganin wanda ke wurin, kuma in zai juya dama tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanko kwana suke yi su hau duk abin da ke gefe. Ko dai ka tsaya can gaba inda zai gan ka ta gilashi, ko ka haƙura ka tsaya a bayansa. A garin fatauci irin namu, da manyan motoci ke ratsawa dare da rana zuwa Ɗan Isa ko Damagaram, wannan ya kamata kowane yaro ya sani kafin a ba shi keke. Shi ne kuma ya sa na ɗaura wa kekunanmu biyu fitila da jan madubi a baya, don yawancin kekunan garin nan da dare ba a ganinsu sai an zo kansu.

Da zan sami kunnen masu tsara hanya, ba tara zan roƙa a fara ci ba. Zan roƙi a ja layi a gaban motoci a bar wa masu keke ɗan fili su tsaya, don su riga tashi ba tare da an matse su ba. A sa wa danja hasken rana yadda ba za ta riƙa mutuwa ba. Ɗan sanda kuma, ko ba zai karɓi komai ba, ya busa wa mai keke usur kamar yadda yake busa wa kowa. Rashin kulawar nan da muke ɗauka gata ne, ni yanzu raini nake ganinta: an ɗauka ranmu bai kai a tsayar da mu ba.

Bayan mako shida aka cire filastar. Ya yi kwanaki yana tsoron keken, sannan wata safiya da kansa ya fito da shi. Mun canja tsari, shi ne a gaba yanzu, ni a baya, idona a kansa.

Direban na neme shi a inda suke tsayawa, na biya kuɗin fitilarsa da ta fashe, na roƙe shi gafarar marin da ya sha ina ji. Ya ce, "Ba komai Baba, ya mai jiki?" Har yanzu in ya gan ni a hanya yakan ɗaga mini hannu. Na tambaye shi matar nan mai goyo. Ya ce a cikin hayaniyar ta sauka, wata ta ba ta ƙyalle ta danne goshin, ta tari wata adaidaitar ta tafi, ko kuɗinsa bai karɓa ba. A bakin hanya ya ɗauke ta, bai san gidansu ba. Ni kuwa ranar ko sannu ban ce mata ba. Duk Litinin in na sauke ƙafa a mahaɗar nan, sai na duba cikin adaidaitun da ke wucewa.